Ginshiƙin ƙofa ya ƙi huduwa: wane ƙarfe ne wannan, kuma da me kamfani yake haɗa shi?

Fanalbita_Kwakwaci
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga injiniyoyi da manyanmu masu walda da ke zauren nan. Shekarata 17 ina gyaran bodin mota a Kwakwaci. An kawo min Accord 2016, irin waɗanda ake sayowa a gwanjon Amurka bayan sun yi hatsari. A gefen direba aka buge ta, ginshiƙin tsakiya, wato wanda ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, ya lotsa ciki kamar yatsa huɗu. Fatar waje ta fita lafiya. Da na isa ƙarfen ciki na sa dril zan cire ɗigon waldar, baki 3 suka ƙone, ko ƙwarzane na kirki ban yi masa ba. Na ɗaura sarƙa na ja, motar ce ta taso gaba ɗayanta, ginshiƙi bai motsa ba. Yarona ya ce mu sa masa wutar gas ya yi ja sannan mu ja, yadda muka saba. Na ce ya dakata tukuna, don jikina bai ba ni ba. Wane irin ƙarfe ne wannan? Da me kamfani yake haɗa shi tunda ko huda shi ba ya yiwuwa? Kuma in na gasa shi akwai matsala?

Dan_Kofar_Ruwa
Wa alaikumus salam Oga. Kada ka wahalar da kanka, akwai yankakken gefe a kasuwa, daga rufi har ƙasa. Ka yanke naka ka ɗora wani.

Baban_Walda
Ɗana, ƙarfe ƙarfe ne. Tun zamanin Fijo 504 ta Kaduna muke gasa shasi mu miƙe shi, motocin kuma suka yi shekara da shekaru suna zuwa Legas suna dawowa da lodi. Ba ƙarfen da yake gagarar wuta. Ka sa masa gas, ka ja a hankali, ka bar shi ya huce da kansa.

Injiniya_Sharada
Baba, da girmamawa, a kan 504 maganarka daidai ce, amma a kan wannan motar akwai gyara. Malam Fanalbita, Allah ya sa ba ka riga ka kunna gas ɗin ba.

Bodin 504 da ire-irenta da ƙarfe mai laushi aka yi shi, wanda a ma'aunin ƙarfin ƙarfe, wato megafaskal, bai wuce 300 da 'yan kai ba. Irin wannan ko ka gasa shi ya yi ja ya huce, kusan yadda yake zai koma, domin dama ba da wuta aka ba shi tauri ba. Abin da ka ci karo da shi kuwa ƙarfe ne mai sinadarin boron, ƙarfinsa wajen megafaskal 1,500, wato ninki huɗu zuwa biyar na wancan. Ga yadda ake yin sa: ana sa farantin a tanda har ya haura digiri 900, a ɗauko shi yana ja a jefa cikin mazubi, inji ya danne shi ya fitar da siffar ginshiƙin, mazubin kuma ruwan sanyi ne ke zagayawa a cikinsa, sai ƙarfen ya huce cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wannan hucewar ta gaggawa ita ce taurin.

Baba ya fi ni sanin aikin maƙera. In maƙeri ya ƙera adda daga sifirin mota, sai ya tsoma ta a ruwa tana ja kafin ta riƙe kaifi. Ka mayar da addar nan cikin wuta ta yi ja, ka ajiye ta ta huce da kanta, me za ka samu? Adda ce a ido, amma saran farko bakinta zai lanƙwashe. To haka ginshiƙin nan yake. Zai miƙe, zai sha fenti, ƙofa za ta rufu da kyau, amma ranar da wata mota ta sake shigowa ta gefen, ba abin da zai tare ta daga haƙarƙarin direba.

Baban_Walda
To misalin adda ya shige ni, ba zan yi musu ba. Amma in haka ne, waldar kamfanin ita ma ai wuta ce. Me ya sa tasu ba ta kashe ƙarfen, tamu ce za ta kashe?

Injiniya_Sharada
Tambaya mai kyau, Baba. Tasu ma tana taɓa shi, bambancin a faɗin wurin da zafi ya kai ne da tsawon lokacin. Waldar ɗigo suke yi. Baki biyu na jan ƙarfe ne suke matse farantan tsakaninsu da ƙarfi, sai a saki lantarki mai yawan gaske, dubban amfiya, na ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Wurin da farantan suka haɗu ne kawai yake narkewa, ya zama ɗan dunƙule kamar ƙwayar wake, milimita 5 ko 6. Bakunan kuma ruwa yana bi ta cikinsu, suna janye zafin nan take. Akwai ɗan zobe a kewayen ɗigon da yake yin laushi, injiniyoyin sun san da shi, sun sa shi a lissafi, shi ya sa suke tsara tazarar ɗigo da ɗigo da nisansu daga bakin faranti. A mota guda za ka samu ɗigo 3,000 zuwa 5,000. Wutar gas kuwa minti nawa take ɗauka a wuri ɗaya? Kafin ya yi ja ta riga ta dafa wuri mai faɗin tafin hannu.

Direban_Haya_Kano_Abuja
Ni dai abin da na sani motocin yanzu gwangwani ne. Ɗan adaidaita ya goge ni a Kabuga, fenda ta lotsa kamar takarda. Ina ƙarfin da kuke faɗa? A da Marsandi za ta daki bango, bangon ne zai ji jiki.

Malama_Kimiyya
Malam Direba, fenda da bonet da gaban mota da gangan aka yi su su lotsa. Ƙarfin karo dole ya tafi wani wuri, in ƙarfen gaba bai shanye shi ba, ƙirjinka da wuyanka ne za su sha. Ɗakin da mutane ke zaune shi ne aka hana lotsawa, shi ya sa ƙarfen da Oga Fanalbita ya kasa hudawa yake a ginshiƙai da dogarin ƙasan ƙofa da sandar cikin ƙofa da bayan bamba. Ita fatar waje siririya ce, ba ta kai milimita 1 ba a yawancin motoci. Ƙanena ya yi karo a hanyar Wudil, wanda ya ga gaban motar ba zai ce an fita da rai ba, amma ƙofofi huɗu duka sun buɗu, da ƙafarsa ya fito. Alhamdu lillahi.

Direban_Haya_Kano_Abuja
Allah ya ƙara kiyayewa Malama. Amma kuɗin gyara fa mu muke biya.

Dalibin_BUK
Ƙarin bayani a kan abin da Injiniya ya faɗa. Wannan dabara ta danna ƙarfe da zafi ba sabuwa ba ce, a Suwidin aka ƙirƙiro ta a shekarun 1970, kamfanin Saab ne ya fara sa ta a mota a 1984, a Saab 9000. Da farko sandar cikin ƙofa kawai ake yi da shi. Volvo XC90 da ta fito a 2014 kusan kashi 40 cikin 100 na bodinta wannan ƙarfen ne. Kuma game da dril ɗin Oga, su ma kamfanin ba sa huda shi da abin huda na yau da kullum bayan ya yi tauri, yana cinye musu baki. Da hasken leza suke yanka ramukan da gefunan.

Fanalbita_Kwakwaci
Na gode ƙwarai. Gas dai na ajiye shi. Amma akwai abin da na gani da na ɓamɓare fatar waje, wani abu mai tauri kamar busasshen ƙaro a shimfiɗe tsakanin farantan, a layin ɗigon waldar. Na ɗauka abin hana ruwa shiga ne. Shi ma yana da aiki?

Injiniya_Sharada
Akwai na hana ruwa, wannan yana da ɗan laushi in ka danna shi da farce. Wanda ka ce ya yi tauri kamar ƙaro gam ne na riƙe bodi, kuma yana ɗaukar nauyi sosai. Ana shafa shi kafin a haɗa farantan, a yi waldar ɗigo ta cikinsa yana ɗanye, sannan in an kai bodin tandar gasa fenti, wajen digiri 180, a nan yake ƙanƙamewa. Amfaninsa: ɗigon walda yana riƙe wuri ɗaya ne, tsakanin ɗigo da ɗigo ba komai, duk jijjigar hanya a kan ɗigon take taruwa. Gam kuwa yana riƙe layin gaba ɗaya. Ɗigon kuma yana hana gam ɗin ɓallewa daga baki in an yi karo, domin rauninsa kenan, yana jure ja amma ba ya son a ɓare shi kamar ɓawon ayaba. Kowanne yana rufa wa ɗaya asiri.

Abu_Hanifa_Fagge
Gam kuma? A ranar Kano ta watan Afrilu? Wallahi ni hankalina bai kwanta da motar da aka liƙa da gam ba.

Mai_Gilashi_Zoo_Road
Malam Abu Hanifa, gilashin gaban motarka da me aka riƙe shi? Gam ne, ba ƙusa ko ɗaya. Sana'ata kenan. Tsofaffin motoci da roba ake zagaye gilashi, na yanzu liƙa shi ake yi, kuma yana ƙara wa rufi ƙarfi. A motoci da yawa eyabag ɗin mai zaman gaba, wato jakar iskar da ke tare mutum a karo, in ya fashe gilashin yake fara dafawa kafin ya tari mutum. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutum ya zo ya ce in sa masa silikon na tagar gida don ya fi araha. Na daina karɓar wannan aikin. Gam na gaske ba ranar Kano ce take kashe shi ba, rashin goge wurin da kyau kafin a shafa ne, da sayen wanda wa'adinsa ya wuce. Ku riƙa duba kwanan wata a jikin kwalin.

Dan_Kofar_Ruwa
Na koma maganata ta farko. Duk wannan karatun, ƙarshensa dai sai an ɗora wani ginshiƙin. Yankakke yana nan.

Injiniya_Sharada
Alhaji, ɗora wani shi ne daidai, amma a ina za a yanka? Nan gizo yake saƙar. Littafin gyara na Honda na wannan motar ya fito fili a kan sassan megafaskal 1,500: ba a miƙe su, ba a gasa su, ba a yanka su a tsakiya a jona. Ana cire sashen ne gaba ɗaya daga inda kamfani ya haɗa shi, a mayar da wani a daidai wurin da injin waldar ɗigo mai matsewa. Inda bakin injin ba ya kaiwa sai a yi liƙin tagulla, ba waldar waya ta ƙarfe ba, wato wadda inji yake turo wayar ƙarfe tana narkewa a wurin. In Oga ya sayo yankakken gefe ya yanka ginshiƙin a tsakiya ya bi shi da sandar walda, ya dawo kan matsalar gas ɗin nan, sai dai wannan karon raunin layi ne guda a gicciye, daidai kafaɗar direba.

Baban_Walda
Liƙin tagulla ai shi muke yi wa rediyeta da bututun mai tun da can. Yanzu shi ne ya zama na zamani?

Walda_Dakata
Ɗan'uwansa ne Baba, amma ba da gas ba. Da injin waya ake yi, wayar ta jan ƙarfe ce da aka gauraya da silikon kaɗan, iskar kuma argon zalla. Wayar tana narkewa a wajen digiri 1,000, ƙarfen mota kuwa sai wajen 1,500, saboda haka farantin ba ya narkewa, tagullar ce take kwarara ta kama shi. Zafi kaɗan ne yake shiga. Wani amfanin kuma, tutiyar da aka shafe farantin da ita don hana tsatsa ba ta ƙonewa da faɗi. Duk wanda ya taɓa yin walda a kan farantin da ke da tutiya ya san farin hayaƙin nan da tartsatsin da yake yi, ga ramuka a cikin waldar. Tutiya tana tafasa tun a digiri 907, kafin ƙarfe ya fara narkewa ta zama hayaƙi. Kuma hayaƙin yana sa zazzaɓi da daddare, ni ya taɓa kwantar da ni kwana biyu. Ku riƙa rufe hanci, ku yi aikin a fili.

Na koyi wannan a wajen wani ubangidana da ya yi aiki a ƙasar waje. Matsalar a nan ita ce wayar da argon, kuɗinsu ba wasa ba, mai mota kuma in ka faɗa masa sai ya ce wane ya ce zai yi masa a rabin kuɗin.

Hajiya_Mai_Motoci
Ni ina sayo motoci ina sayarwa, bari in faɗi gaskiyar ɓangarenmu. Motar da ta yi hatsari muke saye don da ita ake samun riba. In na ce a yi gyara yadda Injiniya yake faɗa, kuɗin zai kusa kai na wadda ba ta yi hatsari ba, mai saye kuma fenti yake dubawa da sanyin esi. Amma tun da na ga hoton wata mota da ta rabe biyu a hanyar Zariya, aka ce jone ce, gaba daban baya daban, na daina ɗaukar duk wadda aka buga a ginshiƙi ko eyabag ɗin gefe ya fashe. Bugun gaba mai sauƙi ko na baya nake saye. Ban san ko hakan ya isa ba, amma ba na son a tambaye ni game da ran wani gobe kiyama.

Abu_Hanifa_Fagge
Allah ya saka da alheri Hajiya. Ɓoye aibin kaya a ciniki haramun ne, ba sai an je da nisa ba.

Dalibin_BUK
Tunda an yi maganar haɗa bodi, kada a manta ba walda da gam kaɗai ba ne. Motoci da yawa yanzu ana gauraya alminiyam da ƙarfe, su kuma ba sa waldar ɗigo da juna. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, kuma inda suka gauraya wani abu mai gautsi yake fitowa, kamar gilashi. Shi ya sa ake amfani da ribit mai huda da kansa. Audi A8 ta 1994 da shi aka haɗa ta, Jaguar XJ ta 2003 tana da sama da 3,000, sai Ford F-150 ta 2015 da aka yi gaba ɗayanta da alminiyam.

Makanikin_Manyan_Motoci
Gyara kaɗan ɗalibi. F-150 ta 2015 bodinta da akwatin bayanta ne alminiyam, shasin da ke ƙasa ƙarfe ne mai ƙarfi. Na shiga ƙarƙashinta da idona.

Dalibin_BUK
Haka ne Oga, na gode da gyara. Bodin nake nufi.

Fanalbita_Kwakwaci
Ribit kam muna da shi. Akwai bindigarsa a shagona, wanda muke kama lamba da shi da kwanon bodin a-kori-kura. In na haɗa shi da gam ba zai yi ba?

Injiniya_Sharada
A'a Oga, sunan ne ɗaya. Naka na alminiyam ne mai rami a tsakiya, sai ka huda kafin ka sa, kuma da ɗan guduma za ka tsinke shi. Wanda ɗalibi yake faɗa na ƙarfe ne mai tauri, siffarsa kamar ɗan ƙaramin kofi a kife. Inji yana danna shi da nauyin tan da yawa, ya huda farantin sama, ya shiga na ƙasa ba tare da ya fasa shi ba, ƙafafunsa su buɗe a ciki su kulle. In ka duba bayan wurin za ka ga ɗan kumburi kamar maɓalli, ba rami. Ba zafi, ba hayaƙi, kuma ruwa ba ya bi.

Amma ga inda ya dace da tambayarka ta farko: shi ma yana shan wahala a kan ƙarfen boron. Farantin ƙasa dole ya zama mai miƙewa don ƙafafun su samu wurin buɗewa, in mai gautsi ne tsagewa zai yi. In kuma mai taurin ne a sama, ribit ɗin kansa yana iya lanƙwashewa kafin ya huda. Shi ya sa ake ta fito da wasu dabaru. Akwai sukurun da ake juya shi da gudun dubban zagaye a minti, zafin gogayya ya tausasa farantin, ya huda, ya yanka wa kansa zare, ya ɗaure, duka daga gefe ɗaya, yana da amfani inda bayan wurin rufaffen bututu ne. Akwai kuma wata 'yar ƙusar ƙarfe da ake juyawa ta ratsa alminiyam, in ta isa ƙarfen boron sai gogayya ta manne ta da shi, kanta kuma ya danne alminiyam ɗin. Audi ta yi amfani da wannan. A A8 ta 2017 hanyoyin haɗi 14 ne daban-daban a bodi ɗaya. Akwai ma wanda ba a sa komai, inji ne kawai yake dannan faranti biyu su shige cikin juna kamar maɓallin riga, sai dai wannan sai ƙarfe mai laushi, kuma ba a wurin da ke ɗaukar karo ba.

Duk inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe kuma sai an sa gam a tsakani, ko don tsatsa. In suka taɓa juna ga danshi, alminiyam ɗin ne yake cinyewa ya zama farin gari.

Baban_Walda
Hanya 14 a mota ɗaya! Mu da muka tashi da gas da sandar walda. Allah ya ba yaranmu ikon koyo. Ni abin da yake damuna, wa zai koya musu? Da muna da kamfanin haɗa manyan motocin Fiat a nan Kano, ga Fijo a Kaduna, ga Steyr a Bauchi. Mutanen da suka yi aiki a can su suka fito suka koya wa irinmu yadda ake aiki da ma'auni. Yanzu yaro a gareji yake tashi, abin da ogansa ya sani shi zai sani.

Malama_Kimiyya
Gaskiya ne Baba. Ga kwalejojin fasaha, ga Poli, ga sashen injiniya a BUK da Wudil. Da ƙungiyar masu gyaran bodi za ta nemi a riƙa shirya musu bita ko ta kwana uku ce, da an rage ɓarna. Ilimin yana cikin gari, garejin ne bai haɗu da ajin ba.

Makanikin_Manyan_Motoci
Ni bari in kawo nawa ɓangaren, bol da noti. Kujera, bel, sandar bamba, ƙofa, duk da bol aka ɗaure su a jikin wannan ƙarfen. Farantin siriri ne ba ya ɗaukar zare, saboda haka kamfani yana manna noti a bayansa, ko da walda ko da dannawa. Sau nawa na ga an kawo mota notin bel ya ɓalle, an samu wani noti an ɗiga masa walda a kai? Ko bol ɗin ya ɓata an ɗauko kowanne a cikin gwangwani? Ku duba kan bol, akwai lamba. 8.8 yana ɗaukar wajen megafaskal 800, 10.9 wajen 1,000. Wanda ba ka san ƙarfinsa ba, kada ya kusanci bel ko kujera.

Dan_Kofar_Ruwa
To ai sai a riƙa sa 12.9 ko'ina a huta, muna da shi.

Makanikin_Manyan_Motoci
A'a Alhaji. Wanda ya fi tauri ya fi gautsi, ba ya miƙewa kafin ya karye, kuma in tsatsa ta kama shi yana iya tsinkewa ba sanarwa. Lambar da kamfani ya sa ita za ka mayar. Wasu ma sau ɗaya ake ɗaura su, don an ja su har sun ɗan miƙe, in ka kwance sai sabo.

Walda_Dakata
Mu dawo kan Oga Fanalbita, don motar tana gabansa. Shawarata: in za ka sayi yankakken gefen Alhaji, ka tabbatar an yanko shi da faɗi, ya haɗa da wani ɓangare na rufi da na ƙasa, yadda duk ɗigon kamfani na ginshiƙin suna ciki. Sai ka zauna ka ɓare shi ɗigo bayan ɗigo. Kada ka huda ta gefen mai taurin. Ka ci ɗigon da giranda ko siririn bel na gurza daga gefen farantin da za ka zubar. In dole sai ka huda, akwai baki na musamman mai kan kabaid, wani abu mai tsananin tauri, a juya shi a hankali da mai, gudu shi ne ya ƙone maka guda ukun nan. Kuma ka duba ginshiƙin da za ka saya da kyau, in akwai shuɗin ƙuna ko alamar an taɓa ja, bar shi.

Injiniya_Sharada
Na yarda da yawancin wannan, sai dai in faɗi abu ɗaya. Kamfanonin mota sabon sashe suke cewa a sa, domin na jikin wata motar in ka ɓare shi bakinsa yana raguwa, kuma ba ka san abin da ya gani ba. Na san halin da muke ciki, sabo sai an yi oda, ga canjin dala. Amma a san cewa mataki na biyu ne. Sannan batun injin: ƙaramin injin ɗigo na hannu da ake haɗa kwanon gini da shi ba zai yi ba. Wannan ƙarfen yana son matsi mai ƙarfi da lantarki wajen amfiya 10,000, wato layi uku ko babban janareta. In matsin ya gaza, ɗigon zai yi kyau a ido amma a tsakiya zai rabe. Kafin ka taɓa motar, ka gwada a kan yankin da ka cire: ka yi ɗigo, ka sa kurfi ka ɓare. In ya yago rami a ɗaya farantin ya bar maɓalli a ɗayan, ya kama. In ya rabu sumul, bai kama ba.

Direban_Haya_Kano_Abuja
Duk wannan a Kwakwaci? Da wace wutar? Ni ina ganin Baba ya fi ku gaskiya tun farko, a yi abin da za a iya, sauran a bar wa Allah.

Baban_Walda
A'a ɗana, kada ka jingina da ni, na janye maganar gas. Sai ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Abin da ban gamsu da shi ba har yanzu shi ne a ce waldar waya ba ta da wuri sam. In aka huda rami a farantin mai laushi aka cike shi da waya, a bar kowanne ya huce kafin a yi na gaba, ni ina ganin ya fi a bar mutum ya koma wa gas don ya rasa injin ɗigo.

Walda_Dakata
A kan ƙarfe mai matsakaicin ƙarfi ana yin haka Baba, littattafan ma sun yarda. A kan na 1,500 na wannan motar ne Honda ta hana. Wasu kamfanonin dokarsu ta ɗan bambanta, shi ya sa ake duba littafin kowace mota.

Hajiya_Mai_Motoci
To ni mai saye, ta yaya zan gane an gasa ginshiƙi bayan an shafe shi da bodifila da fenti?

Mai_Gilashi_Zoo_Road
Hajiya ki ja robar bakin ƙofa, da hannu take fita. A ƙarƙashinta za ki ga ɗigon kamfani a jere, zagaye, girmansu ɗaya, tazararsu kusan ɗaya. Ki gwada da ɗaya gefen motar. In kika ga wuri sumul ba ɗigo, ko ƙulli-ƙullin walda, ko fenti ya hau kan roba, an yi aiki a wurin. Ki sa mayen ƙarfe ma, inda fila ta yi kauri ba ya kamawa sosai.

Fanalbita_Kwakwaci
Jama'a na gode, Allah ya ƙara ilimi. Na kira mai motar na karanta masa abin da Injiniya da Oga na Dakata suka rubuta. Da farko ya ce wani a Naibawa ya ce zai miƙe masa a kwana biyu. Na ce motarsa ce, amma ni hannuna ba zai sa wuta a wurin ba, tunda ya ce ta kai yara makaranta ce. Ya yi shiru, ya ce zai zo gobe bayan La'asar mu yi lissafin kuɗin sabon ginshiƙi da na yankakke. Abin da ya rage min shi ne injin. Akwai wanda ya san garejin da ke da babban injin ɗigo mai matsewa a Kano, ko a Sharada ko Bompai, da zan iya kai bodin a yi min ɗigon kawai in biya? In babu, Kaduna fa?

Walda_Dakata
Liƙin tagullar zan iya zuwa in yi maka in ka sayi waya. Injin ɗigon ne ban da shi. Bari in tambayi ubangidana da safe.